Babi na Biyar: Dariya a Bencin Baya

A cikin littattafan da ake rubuta wa matasa a duniya akwai wani nau'i da ya haɗa gajerun labarai da zane mai sauƙi, irin wanda ɗalibi kan yi a bangon littafin lissafinsa idan darasi ya gundure shi, kuma dukkan rahar da ke ciki an gina ta ne a kan zaman makarantar sakandare. Wanda labarin ke gudana a kansa yaro ne ko yarinya tsakanin shekara 12 zuwa 17, wanda ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa kunnuwansa sun yi faɗi, muryarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, wandonsa ya ɗage, kuma makarantar gaba ɗaya ba ta da wani aiki sai kallonsa. Marubuciyar Ingila Sue Townsend ta fito da Adrian Mole a 1982, yaro ɗan shekara 13 da 'yan watanni wanda ke rubuta abin da ya same shi kullum, yana kokawa da ƙurajen fuskarsa, yana kuma ɗaukar kansa a matsayin babban masanin da duniya ta kasa ganewa. Ba'amurke Jeff Kinney ya ƙara wa wannan salo zane a kusan kowane shafi cikin Diary of a Wimpy Kid, wanda ya fara fitowa a intanet a 2004, aka buga shi littafi a 2007, kuma jerin littattafan ya sayar da kwafi sama da miliyan 250 cikin harsuna fiye da 60.

Dabarar da ke riƙe da irin wannan littafi ita ce saɓanin da ake bari da gangan tsakanin rubutu da zane. Yaron yakan faɗi labarinsa da bakinsa yana gyara shi yadda zai fita da mutunci, ya ce ya bar filin ƙwallo ne don ya ba na baya dama, alhali zanen da ke ƙasan maganar yana nuna shi zaune a gefe babu wanda ya zaɓe shi. Mai karatu yana ganin abin da mai ba da labarin ya ɓoye, ya yi dariya, daga baya kuma ya gane cewa shi ma haka yake gyara nasa labarin idan ya koma gida.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da tushen wannan fargaba. A 1967 David Elkind ya bayyana abin da ya kira 'yan kallo na cikin rai, wato yadda matashi, da zarar hankalinsa ya kai ga iya tunanin abin da wasu ke tunani, yake wuce gona da iri har ya ɗauka cewa kowa ya damu da kamanninsa kamar yadda shi ya damu. A shekarar 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Cornell, inda suka sa ɗalibai suka sanya riga mai hoton wani mawaƙi da matasan lokacin ke jin kunyar a danganta su da shi, suka shiga ɗaki cike da 'yan uwansu ɗalibai. Masu rigar sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da hoton, amma da aka tambaya sai aka tarar waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan tazara da ke tsakanin idon da matashi ke ji a jikinsa da idon da ke kansa a zahiri ita ce gonar da marubutan raha suke noma.

A birnin Kano, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni wuri ne da wannan tazara ke da kayan aiki masu yawa, saboda yanki ne da masu hali da marasa hali suke zaune gab da juna. Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai hedikwata a Unguwa Uku, ta ƙunshi tsofaffin unguwanni masu lunguna da rukunin gidajen Kundila da manyan gidaje masu get, kuma titin Zariya ya ratsa yankin ɗauke da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya kuma jawo likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai daga sassan Nijeriya. Kasuwar waya ta Farm Centre tana nan, tashar Unguwa Uku tana nan, sannan ga titin gidan Zu a maƙwabtaka, inda ofisoshin masu shirya finafinan Hausa suka yi sansani. Yaron da ya tashi a nan yana ganin sabuwar waya a cikin gilashi a hanyarsa ta zuwa makaranta, yana iya cin karo da ɗan wasan da ya kalla jiya da dare, kuma da ƙarfe bakwai da rabi na safe yana tafe a ƙasa da sandal ɗin da aka ɗinke sau biyu yayin da sa'ansa ke wucewa a bayan mota zuwa makarantar kuɗi. Da yamma su biyun kan haɗu a Islamiyya ɗaya, a kan tabarma ɗaya, kuma a can mai sandal ɗin yana iya zama shi ne gwanin hadda, wanda ake sa shi ya biya wa ɗan gidan mai motar.

Sai dai fargabar ɗan sakandare a Kano ba ita ce ta takwaransa na Amurka ba, kuma duk wanda ya ɗauko waccan ya sanya mata hula da hijabi zai yi littafin da babu mai gane kansa a ciki. Littattafan can sun cika da batun rawar makaranta da wanda zai zauna kusa da wace yarinya a ɗakin cin abinci, alhali yawancin sakandaren gwamnati a Kano an raba su, ta maza daban, ta mata daban, don haka idon da ake tsoro ido ne na jinsi ɗaya, wanda ya fi sanin inda rauni yake. Babbar fargabar kuwa ita ce Turanci. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara karatun firamare da harshen gida sannan a koma Turanci, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turancin, amma yaron da ke yin Hausa a gida da kasuwa da masallaci da filin ƙwallo ba ya samun inda zai motsa harshen sai a gaban allo, gaban mutum sittin ko fiye waɗanda ke jiran ya yi tuntuɓe. A makarantu da dama monita yana rubuta sunayen masu yin banakula, wato waɗanda aka kama suna Hausa a cikin aji, a ci su tara ko a yi musu bulala. Abin da wannan doka ta fi haifarwa shi ne shiru, domin ɗalibi ya gwammace a ɗauke shi miskili da ya buɗe baki ya saki kalmar da za ta zama sunansa har ya gama makaranta. Wanda kuma ya iya Turancin sosai bai tsira ba, don shi ake kira ajebo, ana kwaikwayon yadda yake lanƙwasa harshe.

Inkiya, wato sunan da abokai ke laƙaba wa mutum, ita ce hukunci mafi tsawo a makaranta. Tana iya fitowa daga tsayi ko gajarta, daga girman kai ko siririn wuya, daga amsar da aka bayar ba daidai ba a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ko daga kwanon ɗumamen da wani ya taɓa zuwa da shi a jaka. Ba a ɗaukaka ƙara a kanta, kuma nuna fushi shi ne ke ƙara manna ta. Akwai dattawa masu furfura a Kano waɗanda idan an haɗu a taron tsofaffin ɗalibai ba a tuna sunansu na yanka sai an yi tambaya.

Ga kuma mulkin siniyoyi. Tun da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, wanda ya kasa sakandare gida biyu na shekara uku-uku, yaro ɗan shekara 12 yakan tarar da kansa a harabar da ke da samari masu gemu, waɗanda wasunsu ke riƙe da muƙamin firifet da ikon tsare ƙofa ga masu latti, su sa tsallen kwaɗo ko kamun kunne ko tsintar leda. Abin dariyar, wanda marubuci mai ido zai gani, shi ne siniyan da ke daka tsawa shi ma fargaba ce cike da cikinsa, domin muryarsa tana iya tsinkewa ta koma ta yara a tsakiyar tsawar, kuma jarrabawa na jiransa. A Kano ɗaliban aji biyu na babbar sakandaren gwamnati suna rubuta jarrabawar tantancewa da ake kira kwalifayin, wadda da ita gwamnatin jiha ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO, saboda haka faɗuwa a cikinta ba ta tsaya a kan ɗalibi ba, takan isa har aljihun mahaifinsa, maƙwabta kuma su ji. Lokacin fita tara ma yana da nasa lissafin, tsakanin mai kuɗin da zai sayi gurasa da awara har ya sammaka wa abokai, da wanda zai ce ba ya jin yunwa ya tsaya a aji yana duba littafin da ba karanta shi yake yi ba.

A ɓangaren 'yan mata, hijabin makaranta ya daidaita sura amma bai kashe gasa ba, sai ya mayar da ita kan abin da ya rage a fili, wato fuska da hannu da takalmi da jaka, da yadda aka goge hijabin, da launin fata. Maganar da ake yi wa baƙar yarinya cikin wasa, a gida da makaranta, tana daga cikin abubuwan da ke kai wasu ga man bilicin tun ba su gama sakandare ba, matsalar da ta kai hukumar NAFDAC ta ayyana ta a matsayin lamarin gaggawa na lafiya a 2023. Kuma a aji uku akwai ƙawar da ake rabon katin bikinta tun kafin sakamako ya fito, abin da ke sa sauran su kasa tantance ko tausayinta suke ji ko kishi.

Duk da wannan yalwa, adabin Hausa na zamani bai mayar da ɗan sakandare abin raha ba, ya fi ba shi ɗaya daga cikin matsayi biyu. Na farko shi ne masoyi. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa guguwar adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta ke bugawa da kuɗinsu suna kaiwa kasuwa da shagunan haya, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, matashin da ke cikin labari yakan zo da kyau da iya magana, matsalarsa kuma daga waje take zuwa, daga iyaye ko auren dole ko bambancin arziki. 'Yan makaranta ne suka fi kowa karanta waɗannan littattafai, a ƙarƙashin benci da cikin ɗakin kwana, amma abin da suke gani a ciki shi ne wanda suke fatan zama, mai dogon hanci da hankali kwance. Matsayi na biyu shi ne abin wa'azi, wato ɗalibar da ta bi ruɗin mai kuɗi ta lalace, ko yaron da ya bi abokan banza, kuma a nan ma babba ne ke magana a kan yaro. Hukuma ta fi kallon alaƙar ɗalibi da littafin hira a matsayin haɗari, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano. Tsakanin masoyi da abin wa'azi, yaron da kawai yake tsoron a kira shi gaban allo bai sami shafi ba.

Wannan giɓi abin mamaki ne idan aka dubi yadda raha ta yi kaka-gida a al'adar Hausa. Akwai wasan barkwanci tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari, wanda ya halatta a faɗa wa mutum aibinsa a fuska ba tare da an yi faɗa ba. Akwai tashe, da yara ke fara yi daga goma ga watan azumi, suna shigar tsofaffi da malamai suna kwaikwayonsu. A rubuce kuma, Abubakar Imam ya nuna tun a Ruwan Bagaja na 1934 cewa mai ba da labari da bakinsa yana iya zama abin dariya, domin Alhaji Imam, mai ba da labarin, yana shan kunya a hannun Malam Zurƙe kamar yadda yake shayar da shi, sannan Magana Jari Ce, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, da zane-zanensa ya zo, kuma da su tsararraki da dama suka san aku da sarki. Abin da ya hana wannan gado isa ga ɗan sakandare, bisa ga dukkan alamu, shi ne kunya. Anthony Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974, kuma ita ce ke hana yaro ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa ƙurajen fuskarsa na hana shi barci, ko ya tambayi mahaifinsa abin da ke faruwa da jikinsa. Idan ya yi ƙarfin hali ya faɗa, amsar da ya fi samu ita ce ƙuruciya ce, za ta wuce, wadda gaskiya ce amma ba ta rage wa mai shekara 14 komai.

A nan ne zane ke da amfanin da rubutu zalla ba shi da shi. Yaron da aka zana da layi huɗu da ɗigo biyu ba ɗan gidan kowa ba ne, don haka ana iya sa shi ya ji abin da kunya ta hana a furta, mai karatu kuma ya karɓa ba tare da an tona asirinsa ba. Amma akwai iyaka mai kaifi tsakanin wannan da ba'a. Wani ɓangare mai yawa na barkwancin finafinan Hausa da gajerun bidiyon waya yana samun dariyarsa ne daga baƙauye da mai in'ina da gajere da mai ƙiba, wato yana tsaye a sahun taron da ke dariya yana nuna mutum ɗaya da yatsa, kuma ɗalibin da ke fama da inkiya ba ya buƙatar ƙarin wannan. Littafin da ake magana a kansa yana tsayawa ne a cikin kan wanda ake yi wa dariyar, ya bar shi ya riga kowa ganin wautarsa, sannan ya juya ya nuna cewa monita da firifet da gwanin aji kowa na ɓoye tasa. Marubucin da ya kasa riƙe wannan bambanci zai ƙare da kundin zolaya, wanda siniyoyi za su fi kowa jin daɗinsa.

Misalin da ya fi kusa da Kano ba daga Amurka ya zo ba. A 2005 Marguerite Abouet, 'yar ƙasar Kwaddibuwa, tare da mai zane Clément Oubrerie, sun fitar da Aya de Yopougon, labarin wata budurwa mai son zama likita da ƙawayenta a wata unguwar talakawa ta Abijan a ƙarshen shekarun 1970, kuma ya ci kyautar littafin farko a bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2006. Ƙarfinsa yana cikin tsayawarsa a unguwa ɗaya da bakin mutanenta, har aka sa ƙaramin ƙamus a ƙarshe domin baƙo. A Nijeriya ma an san kasuwar zanen barkwanci tun lokacin da Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super a Legas a 1976, wadda ta haifi Papa Ajasco, kuma a Arewa zanen Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust ya nuna cewa akwai masu bibiyar wannan fasaha, ko da yake siyasa ce fagensa. Littafin A. H. Mohammed mai suna The Last Days at Forcados High School, wanda hukumar JAMB ta taɓa wajabta wa masu neman shiga jami'a, ya kai rayuwar sakandare hannun ɗaliban Kano masu yawa, sai dai da Turanci, a makarantar Legas, kuma a matsayin abin da za a yi jarrabawa a kai, wanda ya isa ya kashe daɗin kowane labari.

Wanda zai zana makarantar 'yan mata a Tarauni yana da aiki na musamman a gabansa, domin gashi da sutura, waɗanda masu zane a wasu ƙasashe ke bambanta mutane da su, duk hijabi ya rufe, sai ya nemo halin kowace yarinya a gira da tafiya da yadda take riƙe biro. Harshen ma sai an yi shawara a kansa, saboda ɗaliban yankin Ingausa suke yi, wato Hausa gauraye da Turanci, kuma littafin da ya sa su magana da tsantsar Hausar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo zai zama ƙarya, wanda kuma ya bi bakinsu sak zai sha suka daga malaman Hausa. Akwai saɓanin malamai a kan zana abu mai rai, ko da yake bangon littattafan soyayya da jikin manyan motoci da littattafan firamare sun daɗe ɗauke da hotunan mutane, sannan Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan abin da ake bugawa, kuma raha a kan balaga ko a kan malami abu ne da sai an auna kowane shafi.

Cikas mafi girma shi ne kuɗi. Adabin kasuwar Kano ya rayu ne a kan araha, mutum ɗaya ya rubuta, a buga a takarda mai sauƙi, a sayar ko a ba da haya, alhali littafi mai zane a kowane shafi yana buƙatar mutum biyu, ko mutum ɗaya mai hannu biyu, da watanni na aiki kafin a sayar da kwafi guda. Tsadar takarda ta riga ta kori yawancin marubutan Hausa zuwa WhatsApp da Wattpad da Facebook, inda ake sakin labari shafi-shafi, mai karatu ya tura kuɗi a saka shi a zauren da ake ci gaba. Wannan tsari ya dace da gajeren labari mai zane fiye da yadda ya dace da dogon littafin soyayya, tunda hoto ɗaya da layi uku suna cika fuskar waya daidai, kuma babu kuɗin buga launi. Matsalarsa ita ce hoto ya fi rubutu saurin yawo ba tare da an biya mai shi ba, kuma masu karatun da aka nufa su ne waɗanda makaranta ke ƙwace wa waya a bakin get, waɗanda da yawansu sai sun ari ta yaya ko ta uwa bayan sallar isha'i.